Kaset Ɗin da Ya Cinye Sunan Maigidana

Damina goma sha tara ke nan da muka kai maigidana makwancinsa a bayan cocinmu na Gubuci. Da damina nake ƙidayawa, domin ranar da aka binne shi ruwan shuka ya sauka, kuma da yawa cikin waɗanda suka raka shi daga maƙabarta gona suka zarce. Ban ga laifinsu ba. Shi ma da yana nan haka zai yi.

Da yawa daga cikinku, masu karatu, kun san muryarsa amma ba ku san shi ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya tsakanin Ikara da Maƙarfi da Kudan a zamanin soja, ya ji kaset ɗin da ake kira kaset ɗin Sule. Maigidana ne ya rera duk abin da ke cikinsa. Sai dai ba Sule ne sunansa ba, kuma har ya koma ga Ubangiji bai samu ya karɓo sunansa daga hannun wannan Sulen ba.

Za ku lura tun ɗazu maigida nake ta cewa. Mu da muka tashi a ƙauye, Kirista da Musulmi duka, mace ba ta kama sunan mijinta. Ba doka ba ce da wani ya rubuta, kunya ce da ake shayar da mu tun muna ƙanana. Na yi aikin koyarwa a firamare har na yi ritaya, kuma duk ɗalibin da ya zo da irin sunansa, Mai Suna nake kiransa, yara su yi ta dariya a ƙasa-ƙasa. 'Yan matan yanzu kuwa ina jinsu suna kwaɗa wa mazajensu kira daga bakin ƙofa. Ba na cewa sun yi laifi, amma har yau idan na ji sai na waiwaya.

Lokacin da ya aure ni yana aiki a masaƙa a Kaduna. Tun yana saurayi yake kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal ranar Asabar, a zamanin da samari ke tara suma suna sa wando mai faɗin ƙafa. Kiɗan da ake yayi a lokacin shi ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ake kira sol. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, mawaƙi yana roƙo kamar zai yi kuka, ƙaho yana amsa masa, mata suna amshi a baya. Maigida ya kan ce ranar da ya fara jinsa bai ji baƙon abu ba, sai ya ga kamar matan ƙauyenmu ne ke waƙar niƙa, aka ba su ƙaho.

Sai soja suka karɓi mulki, aka ce a tsuke bakin aljihu. Masaƙa ta rage ma'aikata, aka sallamo shi. Ya dawo Gubuci da katifa, da jitarsa, da akwatin faya-fayen garmaho, ya koma noman rake a fadamar mahaifinsa. Ni kuma aka mayar da ni wata makaranta a Ikara. Waɗanda suka ga wannan zamani ba sai na yi musu dogon bayani ba. Sabulu sai an bi layi, madara sai an bi layi, wanda ya tsallake layi kuma soja su sa shi tsallen kwaɗo a gaban matarsa. Mutumin da ya saba a tafa masa duk Asabar ya zama ba kowa ba. Yana fita da fartanya, ya dawo ya zauna a gindin mangwaro shi kaɗai. Na tsorata da wannan zaman ƙwarai.

Wata rana ina tankaɗe ya ce da ni, "Malama, zan yi kaset."

Na ce, "Da wane abu? Jitar taka ma tsirkiya biyu suka rage mata."

Ya ce, "Zan yi dai. Ina son in ga sunana a jikin wani abu da ba takardar sallama ba."

Daga nan ban ƙara musu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne irin kiɗan da ya zaɓa. A lokacin samari sun koma disko da rege, 'yan mata kuma waƙoƙin Indiya. Sol ya zama tsohon yayi, ko a Kaduna an daina sa shi sai a bikin tsofaffin ma'aikata. Amininsa Malam Hamisu, mai gyaran rediyo a Ikara, wanda shi ne zai ɗauki sautin, ya yi ta fama da shi a kan ya yi abin da ake saye. Maigida ya ce a'a. Ya ce lokacin da suke jin wancan kiɗa kowa yana ganin gobe za ta fi yau, kuma wannan jin yake so ya maido wa mutane ko da na tsawon kaset ɗaya ne. Da Hausa zai rera, amma yana son sautin ya fito sak irin na tsofaffin faya-fayen nan, har da yadda murya ke dawowa kamar a babban ɗaki.

Neman wannan ɗaki ya kusa jawo mana abin magana. Sai ya hau keke ya tafi Paki, ya tafi Kudan, ya shiga ajin makaranta ko zauren wani, ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkatar da kai yana saurare, ya fito bai yi wa kowa bayani ba. Har wata dattijuwa ta zo ta same ni a asirce ta ce a nema masa magani tun abin bai yi nisa ba. A ƙarshe, a nan Ikara ya samu abin da yake nema, wani tsohon siton auduga da ya daɗe babu ko ƙulli ɗaya a ciki. Ya kai ni, ya ce in yi sallama. Na yi sallama, sai na ji muryata ta tafi can ƙarshen bango ta dawo mini a hankali, ta fi yadda na aika ta kyau.

Kayan kiɗan kuwa, duk wanda ya gan su sai ya yi dariya. Tsirkiyar jita ba ta samuwa ko a Zariya, don haka ya warware wayar birkin keke ya ɗaura. Babbar jita mai kaurin murya babu ita, sai ya ɗauki tulun ruwana, aka riƙa dukan bakinsa da tafin hannu. Ogan ɗin coci mai feda a amalanke aka kawo shi, bayan fasto ya gindaya sharaɗin cewa waƙa ɗaya aƙalla ta zama ta Ubangiji. Mai busa ƙaho shi ne Baba Audu na Paki, tsohon soja da ya yi aiki a rukunin makaɗan bariki, haƙoransa na gaba sun zube amma idan ya sa ƙaho a baki sai ka rantse saurayi ne. Amshi kuma mu ne, ni da mata biyu daga zumuntar mata, waɗanda ba su taɓa jin kalmar sol ba a rayuwarsu. Maigida bai wahalar da kansa da bayani ba. Ya ce, "Ku yi yadda kuke yi a kan dutsen niƙa, amma ku ja shi."

Makirufo ɗaya ne tal, rikoda kuma da batirin mota take aiki. Saboda haka ba a rage ƙarar kowa da na'ura, da ƙafa ake ragewa. Wanda ya cika ƙara sai a ce ya ja baya. Baba Audu ya yi ta ja da baya har ya kai bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje. Mai ganga kuwa, wani ɗan garinmu, aka kewaye shi da tsofaffin buhuna. Mu mata muna tsakiya, maigida kuma bakinsa kusan yana taɓa makirufo. Da sassafe muke yi, bayan Malam Hamisu ya dawo daga masallaci, domin da rana ta ɗaga kwanon rufi zai fara ƙas-ƙas ya ɓata aiki. Kuma babu damar a yi ta maimaitawa, don sabon kaset ya yi wuyar samu. Wanda ya yi tari, tarinsa ya shiga ke nan. Akwai nawa a waƙa ta uku, har gobe ina jin kunyarsa.

Na zauna da mutumin nan shekaru, na san muryarsa a coci, na san ta idan yana faɗa da awaki. Amma muryar da ta fito daga bakinsa a siton nan ban san ta ba. Ya rufe ido, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya fara waƙar wani da aka sallama daga aiki yana tsaye a tasha ya kasa hawa motar garinsu. Yana kai ƙarshen baiti sai ƙahon Baba Audu ya taso daga bakin ƙofa, can nesa, kamar wani na kiransa daga gona. Lokacin amshinmu ya zo, ɗaya daga cikin matan ta kasa buɗe baki don kuka, mu biyu muka ɗauka. Na tsaya ina kallon mijina ina tambayar kaina inda ya ɓoye wannan abu duk tsawon zamanmu. A waƙar ƙarshe, wadda aka yi wa fasto alkawari, hadari ya haɗo ba mu sani ba. Ana cikin baitin ƙarshe ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗis-ɗis, sannan ya ɓarke. Malam Hamisu ya ɗaga hannu zai tsayar, maigida ya girgiza masa kai, ya ci gaba da rerawa har ruwan ya rufe muryarsa. Haka kaset ɗin ya ƙare, da ruwan sama.

Niyyarsa ita ce ya kai Zariya a buga masa bango mai hotonsa da sunansa. Mai ɗab'i ya ce takarda ta yanke, a dakata. Kafin nan, Malam Hamisu ya kwafi guda ɗaya ya ba wani direba ya gwada a motarsa, a ji abin da fasinja za su ce. Babu abin da ke jikin wannan kaset sai kalma ɗaya da maigida ya rubuta da biro, da manyan baƙaƙe, don kada ya ruɗe da na wa'azi: SOUL.

Direban ya kai shi wurin mai sayar da kaset a kasuwar Maƙarfi don a kwafa wa ƙaninsa. Mai kaset ya juya shi, ya duba, ya haɗa baƙaƙen a bakinsa, ya ce ai wannan Sule ne, haka mutanen Nijar ke rubuta Sule da bokonsu na Faransa. Ya kwafa wa direba, ya kwafa wa kansa, ya rubuta Sule da kyakkyawan rubutu a jikin kowanne. Shi ke nan fa.

Da farko abin bai karɓu ba. Samarin Ikara suka ce kiɗan iyayensu ne, wasu dattawan coci suka ce an kai ogan ɗin Ubangiji wurin waƙar soyayya. Direbobi ne suka fara riƙe shi, don sun ce yana hana barci kuma ba ya sa gudu. Daga motoci ya shiga shagunan tela, ya shiga wurin masu dafa mazarƙwaila, ya shiga ɗakunan amare. Kafin rake ya nuna, ba ka ratsa tashar Kudan ba ka ji ƙahon Baba Audu yana tashi daga wata rumfa ba. Na taɓa ganin wani ƙaton ɗan dako a Maƙarfi ya ajiye buhu a tsakiyar hanya ya tsaya cak har waƙar tasha ta ƙare, sannan ya share fuska ya ɗauki kayansa. Ina tsaye kusa da shi da kwandon cefane, muryata tana fita daga lasifika, bai san ni ba.

Sai labarin Sule ya fara yaɗuwa. Wasu suka ce ɗan Nijar ne da ya yi zaman Amurka. Wasu suka ce soja ne da ya rasa ƙafa. Wata mata a mota ta rantse mini cewa makaho ne, kuma ƙanwar kakarta ta san gidansu a Nasarawan Doya. Da yake Sule suna ne da ake samu a masallaci a kuma samu a coci, kowane ɓangare ya ce nasa ne, kuma kowa yana da hujja. Ni dai ina zaune ina jin tarihin mijina iri-iri, kowanne ya fi na gaskiya armashi.

Maigida da farko dariya ya yi ta yi. Akwai ma dalilin da ya sa bai yi gaggawar gyarawa ba. A cikin kaset ɗin akwai waƙar layin sabulu, inda yake tambayar wanda ya hana mutum wanka da wane baki zai ce masa ƙazami. A wancan zamani ana iya kwana a bariki a kan abin da bai kai wannan ba. Ya ce, "Bari Sule ya sha bulalar, in ta lafa sai in fito." To, bulala ba ta zo ba, amma kafin ta lafa Sule ya riga ya yi ƙarfi. Mutanen Gubuci da suka san gaskiya, maimakon su taya shi, sai suka mayar da abin tsokana. Barka da rana Sule, ina gajiya Sule. Tun ana yi da wasa har ya zama ba wasa ba, 'ya'yanmu ma a makaranta 'ya'yan Sule ake ce musu.

Wata ranar kasuwa ya sa rigarsa ta zuwa coci ya ce in raka shi Maƙarfi. Muka tsaya a rumfar mai kaset, waƙarsa tana tashi. Bayan doguwar gaisuwa, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan da kake sayarwa, ni na yi shi."

Mai kaset ya dube shi daga hula har takalmi, ya ga hannun manomi, ya yi murmushi. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba, ba kai ne na farko ba. Ko makon jiya wani ya zo daga Hunkuyi ya ce shi ne Sule."

"Ni ban ce ni ne Sule ba. Cewa na yi ni na rera."

"To, bismilla. Ga kasuwa, ga jama'a."

Mai kaset ya kashe rikoda. Ban taɓa zaton maigida zai yi ba, amma sai ya cire hula ya miƙo mini, ya rufe ido, ya ɗauki waƙar tasha a tsakiyar kasuwa, babu jita babu ƙaho. Masu awo suka tsaya da mudu a hannu. Mahauta suka daina sara. Da ya kai wurin amshi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ni da ko a tsakar gida ba na ɗaga murya. Da muka gama, mai kaset ya sauke ajiyar zuciya.

"Gaskiya Baba ka iya. Wallahi ka iya. Amma ka saurara da kyau, muryar Sule ta fi taka zurfi. Tasa tana tafiya ta dawo."

Jama'a suka ce haka ne. Wani ma ya ba shi shawara ya dage, wata rana zai kamo Sule. Ta yaya za ka yi wa kasuwa guda bayanin cewa zurfin nan na siton auduga ne? Ya karɓi hularsa, muka hau mota. Har muka isa gida, kaset ɗin nan direban ya sa mana.

Dama ta ƙarshe ta zo ne da wani ma'aikacin gidan rediyo, wanda ya biyo sawun kaset ɗin daga tasha zuwa tasha har aka kwatanta masa gidanmu. Ya iso maigida ya tafi kai rake Kano, sai ni da yayansa muka tarbe shi a ƙofar gida. Ya kawo kai ya ce, "Malama, ke ce uwargidan? To mene ne cikakken sunan mawaƙin?" Na sunkuyar da kai na ce ga yayansa nan, ya faɗa. Ko a mafarki ba zan kama sunan mijina a gaban wansa ba, kuma baƙon ma da ya tuna gidan da ya fito da bai tambaye ni ba. Yayan nasa kuwa, mutum ne da ba a raba shi da barkwanci, ya ce, "Ai duk ƙasar nan Sule aka san shi." Ya faɗi sunan na gaskiya daga baya, amma baƙon ya riga ya samu abin da ya zo nema. Da aka sa shirin, sai muka ji an ce ga waƙar Sule Gubuci. Abin da ya ƙaru kawai shi ne Sule ya samu gari.

Ranar na yi fushi har na kasa cin tuwo. Maigida kuwa ya zauna ya saurari shirin har ƙarshe, ya ce aƙalla sun sa waƙar ruwan sama ba su yanke ta ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Duk ƙasar nan mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce mini Sule ba. Ita ma ɗin ba ta taɓa ce mini komai ba." Na jefe shi da mafici, muka yi dariya. Amma na san abin yana cinsa, don daga ranar bai ƙara zancen zuwa Zariya buga bango ba.

Bai sake yin wani kaset ba. Baba Audu ya rasu, iska ta yaye rufin siton, Malam Hamisu ya koma sayar da batir. Maigida ya ci gaba da rakensa da waƙar coci, ya aurar da 'ya'yansa, ya yi furfura. Wani lokaci idan mota ta wuce da kaset ɗin, sai in ga ya dakata da abin da yake yi, leɓensa yana motsi, har ƙarar ta ɓace.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yaro ɗaya a ɗaki da kwamfuta yana haɗa ganga da ƙaho da ogan, babu amalanke, babu roƙon fasto. An ce akwai ma na'urar da ke miƙe muryar wanda bai iya waƙa ba. Na san zai yi tsaki, daga baya kuma ya matsa kusa ya ce a nuna masa yadda ake yi, don shi ba ya ƙin sabon abu, son tsohon ne dai ya fi yawa. Abin da zai fi ba shi dariya shi ne yadda yayi ya zagayo. Kiɗan da aka ce tsohon yayi ne tun ranar da aka yi shi, yau shi matasa ke nema.

Jikata Hannatu, wadda ke karatu a jami'a, ita ta zo mini da labarin a hutun da ya wuce. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Kaka, saurari wannan." Ta danna waya, sai ga tarina na waƙa ta uku. Wani ya samu tsohon kwafi ya ɗora a intanet, mutane daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba suna ta rubuta yabo a ƙasa. Ta karanta mini wasu. Wani yana tambayar wane irin sitidiyo ne ya fitar da wannan sauti, wani yana cewa bai jin Hausa amma ya yi kuka. Na riƙe wayar da hannu biyu. Mutumin da ke kwance a bayan coci yana rera waƙa a cikin tafin hannuna, ruwan da ya sauka a Ikara tun ina da ƙuruciya yana sauka a kunnen wani a ƙetaren teku. Na rayu na ga abubuwa, amma wannan ya fi ƙarfin hankalina. A saman hoton kuwa, da manyan baƙaƙe, an rubuta Sule.

Hannatu ta ce akwai wasu matasa a Kaduna da ke son su gyara sautin su sake fitar da shi yadda ya kamata, da bango da komai. Ta rubuta musu ta ce kakanta ne, ta faɗi sunansa. Suka amsa da ladabi cewa jikokin Sule sun yi yawa, kowa da sunan da yake kawowa, don haka suna son shaida daga bakin wanda yake cikin ɗakin ranar da aka ɗauka. Na zauna na lissafa. Malam Hamisu ya rasu, mai ganga da mai tulu da mai ogan sun rasu, matan nan biyu sun rasu. Saura ni.

Ta saita waya a gabana ta ce, "Kaka, faɗi kawai. Suna ne fa, ba zagi ba."

Na ce, "Ke dai ba ki da ta ido."

Na ba da labarin sito, da tulu, da wayar birki, tiryan-tiryan. Da na iso wurin sunan, harshena ya ƙi. Muka sake, ya ƙi. Yarinyar nan ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta ga ni ba dariya nake ba, ta kashe wayar ta rungume ni. Na ce ta ba ni lokaci, zan yi ta hanyar da na iya.

Shi ya sa na rubuto wannan. Gonar rakensa an raba, jitar ta ruɓe, siton ya zama fili ana shanya barkono. Abin da ya rage shi ne muryar nan, kuma ga alama za ta daɗe fiye da mu duka. Ba zan so ta ci gaba da yawo a duniya da sunan mutumin da ba a taɓa haifa ba, alhali mai ita abu ɗaya ya roƙa, ya ga sunansa a jikin aikinsa. Kunyar da na yi masa shekara da shekaru girmamawa ce, kuma ya san haka. Yau girmamawar ta koma wani wajen.

Ku matasan Kaduna, da direbobin da suka rage, da duk wanda ya taɓa share hawaye a kan waƙar tasha, ga shaidata. Ina cikin ɗakin, ni ce mai tari. Wanda ya tsara waƙoƙin nan ya kuma rera su sunansa Ayuba Nomau, mutumin Gubuci.

Ni malamar makaranta ce, ba na miƙa rubutu sai na karanta shi a bayyane. Na rufe ƙofa na karanta wannan tun daga farko, kuma da na iso layin nan na sama ban tsallake ba. Ashe suna ne mai daɗin faɗa.